Muryar Malam Sahabi

Ƙofar Rini, Sakkwato
Afrilu

Zuwa ga Malam Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya zafin garin nan?

Ni ce Bahijja Sahabi ta zaurenmu na masu fasaha a intanet, wadda take rubuta fim ɗin Baba. Za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kuka shekara kuna aiki tare ba ku taɓa haɗa ido ba, alhali gari ɗaya muke. Dole ce ta sa. Tun cikin azumi wayarka take a kashe, saƙonnin zaure kuma ba ka buɗewa. Sadiya ta Damagaram ce ta tuna ka taɓa cewa gidanka yana bayan masu tsire a Kwalkwalawa. Yayana Ɗayyabu yana kai musu nama, shi ya sa na ba shi wannan.

Aiki ya tsaya a kanka, Malam. Sadiya ta gama zanen shanu da hanyar da Baba ya riƙa kora su a ƙasa zamanin ƙuruciyarsa. Jamilu a Jos ya jera hotunan. Saura sauti kawai, kuma duk abin da na naɗa na muryar Baba, labaransa da waƙoƙinsa na hanya, yana cikin kwamfutarka. Ka san wayata ba ta da wuri, duk wanda na tura maka ka ce ya iso, sai in goge in naɗi wani. Ba ni da komai a hannuna.

Ba don zaure kaɗai na rubuto ba. Jikin Baba ya ƙi. Ƙafafunsa sun kumbura, ya daina zuwa Kara, kasuwar shanu. Jiya ina ba shi kunu ya ce min, "Bahijja, wanga yaro na cikin waya, yaushe za shi maido min da muryata? Ina son in ji ta kamin in tahi." Na yi dariya na ce ina zai je, shi bai yi ba.

In wani abu muka yi maka a zaure, ka faɗa mana mu ba ka haƙuri. In aiki ne ya yi yawa, ko waƙa ɗaya ka gyara ka aiko in sa masa.

Ka gaida mutanen gida.

Taka a aiki,
Bahijja Sahabi

*

Kwalkwalawa
Afrilu

Yaya Bahijja,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, Allah shi ba shi lahiya. Ni ta Murja, matar Bilyaminu. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa ga boko ba.

Takardarki ta iso, ya karanta, ya ajiye, ya juya ga bango. Ni na ga bai dace a bar ki cikin duhu ba.

Sanƙarau ne ya kama shi cikin azumi. Da ciwon kai abin ya fara, muna cewa zafi ne, har wuyanai ya sanƙare munka kai shi asibiti bai san inda yake ba. Mun cire rai. Allah ya tashe shi. Randa ya buɗe ido ina kanai ina hamdala ina kuka, sai ya tsura ma bakina ido ya ce, "Murja, mi kike motsa baki ba ki magana?"

Kunnuwan duka biyu sun tahi. Likita ya ce mu yi ta addu'a, amma kar mu sa rai.

Yaya, mutumin da ke gane motar maƙwabci daga ƙararta tun tana bakin titi, yau ladan na kiran salla sai na taɓa shi. Ɗiyarmu Nabila tana tsayawa bayanai tana kiran Abba, Abba, in bai waiwayo ba ta tai tana kuka wai fushi yake da ita. Sau guda ya kunna waya. Ya ga zaurenku cike da saƙon murya, ya danna guda, ya kanga ga kunne, ya daɗe haka, sannan ya kashe ta ya tura ƙarƙashin katifa.

Ya ce kar a gaya ma mutanen zaure. Wai nan kaɗai ya rage inda anka san shi da kunne. Don Allah ki riƙe mai wannan.

Ki gaida Baba ƙwarai.

Ƙanwarki,
Murja

*

Ƙofar Rini
Mayu

Malam Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka haƙurin abin da ya same ka. Kada ka ga laifin Murja, alheri ta yi min. A zaure na ce musu ba ka da lafiya, ban ƙara komai a kai ba.

Na jinkirta amsa ne saboda Baba ya rasu. Ranar Juma'a da hantsi, yana kishingiɗe a zauren gida Ɗayyabu yana masa fifita. Mutanen Kara sun cika unguwa, har daga Illela da Acida an zo. Bai sake tambayar muryarsa ba tun da na gaya masa kana kwance. Cewa ya yi, "A bar yaro shi ji da kainai."

Tun da aka share makoki nake neman muryarsa a kaina, sai in ji kalmomin amma ba sautin. Shi ya sa zan roƙe ka abu ɗaya, kuma ka yafe min in ya yi maka ciwo. Kada ka wahalar da kanka da gyara. Ka zuba duk abin da na tura maka a filas na kwamfuta, yadda yake, da kukan awaki da tarin Baba da komai, ka ba Ɗayyabu. Jamilu ya ce zai iya ƙarasawa. Sunanka yana nan a fim ɗin a matsayin mai sauti, ba wanda zai taɓa shi.

A gaida Murja da Nabila.

Bahijja

*

Kwalkwalawa
Yuni

Malama Bahijja,

Wa alaikumus salam. Ina miƙa ta'aziyyata gare ki da dukan iyali. Allah ya jiƙan Malam Sahabi, ya sa ya huta. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi watanni da muryarsa a kunnena, kuma tana cikin abubuwan ƙarshe da na saurara da kyau a duniya.

Na karanta roƙonki. Na gode da tausayawa, amma ba zan karɓi suna a kan aikin da wani ya yi ba. Jamilu gwani ne a hoto, sauti kuwa ba fanninsa ba ne.

Abin da ba ki sani ba, sauti ana ganinsa. A fuskar kwamfuta murya tana fitowa kamar zanen tsaunuka, inda mutum ya ɗaga ta su yi tsawo, inda ya yi shiru layi ya kwanta. Shekara da shekaru ina kallon wannan zane. Tun da takardarki ta zo na zauna a kansa, safe da yamma, har Murja tana min faɗa da hannu. Na daidaita ƙarfin murya, na rage hayaniya, na yanke duk wuraren da layi ya kwanta, don suna da yawa ƙwarai, da alama kina barin waya tana naɗa bayan ya gama magana. Kwamfutar ta tsufa, ta cika har tana tsayawa, sai da na share na asalin kafin ta yarda ta fitar da gyararren. Ba a yi asarar komai ba, shiru kawai na zubar.

Ga filas nan wurin Ɗayyabu. Na kuma kunna wayata, na ɗora aikin a zaure da hannuna, na rubuta musu cewa na dawo. Rabon da in ji ni mutum ne kamar yau tun kafin asibiti.

Abu ɗaya nake so. Ki saurara, ki rubuto min gaskiya yadda ya fita. Kunnenki ne nawa yanzu.

Naki,
Bilyaminu Tukur

*

Ƙofar Rini
Yuni

Murja ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mai jiki? Wannan takarda taki ce ke kaɗai, na gaya wa Ɗayyabu ya damƙa miki hannu da hannu.

Na saurara, Murja. Na zauna a ɗakin Baba na sa filas ɗin. Inda yake ba da labari da ƙarfi, da inda yake kwaikwayon yadda ake kiran shanu, duk suna nan, har na ji kamar zai leƙo ya ce in kawo masa ruwa. Amma wuraren da maigidanki ya ga layi ya kwanta ba shiru ba ne. Baba ne yake waƙa ƙasa-ƙasa. Haka yake yi in ya zo kan abokansa da suka mutu a hanya, da kan marigayiya Innarmu Ashatu. Sai ya sunkuyar da kai, murya ta koma kamar numfashi, ni kuma in matso da waya daf da bakinsa. Waƙar Inna sau ɗaya tak ya yarda ya yi ta, bayan na yi ta lallashi. A kanta muka gina fim ɗin gaba ɗaya. Yanzu zai ce, "To, bari in yi miki ta uwarki," sai kawai a ji shi yana cewa a miƙo masa buta.

Ban iya kuka ba ma. Na mayar baya na sake saurara, na sake, ko zan tsinci wani abu a tsakani.

Ga abin da ya fi damuna. Mutanen zaure sun saurara kafin ni. Ba su san zancen kunnensa ba, ni na ɓoye musu. Wani sabon shiga mai kiɗa, Tambari, ya rubuta cewa, "Wanda ya haɗa wannan kurma ne?" Wasu suka bi shi da alamar dariya. Kafin in sa a goge, na ga alamar maigidanki ya karanta. Daga nan na fito na faɗa musu gaskiya, na karya amanar da kika ba ni. Tambari ya fita daga zauren da kansa. Sadiya ta kira ni tana kuka, Jamilu ya ce ba ya jin zai iya sake buɗe aikin.

Don Allah ki duba min, ko akwai wani filas, ko tsohuwar waya, ko wani wuri da ya taɓa ajiye na asalin ya manta. Kuma ki kula da shi. Ban san me zan rubuta masa ba.

Yayarki,
Bahijja

*

Kwalkwalawa
Yuli

Malama Bahijja,

Assalamu alaikum. Murja ba ta iya ɓoye abu a fuska, na karɓi takardar na karanta.

Na kai kwamfutar wurin masu gyara uku a cikin gari. Na ƙarshen ya rubuta min a bayan kwali cewa gyararren ya hau kan na asalin, ba abin da zai dawo. Babu wani filas. Na fita daga zaure, kada a neme ni. Kawuna yana da gonar shinkafa a fadama, gobe zan fara bin sa. Can ba a buƙatar a kira ni.

Ba zan ce ki yafe min ba, ban ga ta inda zan fara ba. Amma kin kasance a wurin lokacin da ya yi waƙar. Ki rubuto min kalmominta. Ina so in san abin da na yanke.

Bilyaminu

*

Ƙofar Rini
Yuli

Malam Bilyaminu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da damina mai albarka.

Na yafe maka, tun kafin ka tambaya.

Kalmomin kuwa ba ni da su. Lokacin da yake yin ta, idona yana kan waya, ina tsoron kada caji ya ƙare. Na ce a raina zan saurara da kyau daga baya. Na tambayi Ɗayyabu, na aika wurin tsofaffin Kara, ba wanda ya taɓa jin ta. Tasa ce shi kaɗai.

Abin da na riƙe, ya ambaci sunanta, kuma da ya gama ya daɗe bai ɗago kai ba.

A gaida Murja da Nabila.

Bahijja