Na ce saboda hijabina aka hana ni aiki

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi, Allah ya ƙara rufa mana asiri. Don girman Allah a ɓoye sunana. Wanda zai yi sharhi kuma ina roƙonsa ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ni garin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Na taso da karatun littattafan soyayya da ake kawo mana daga Kano, irin waɗanda namiji zai wulaƙanta mace, a shafin ƙarshe ya dawo ya durƙusa yana kuka. Nawa mijin direban babbar mota ne, ya tafi kai kaya wata jiha, sai saki ya iso mini ta waya. 'Yarmu, zan kira ta Ummi, tana goye a lokacin, ga ta da sikila. Shekara shida ke nan muna zaune a wasu 'yan ɗakuna bayan Gate City Boulevard, katin abinci da katin asibiti na gwamnati ne ke riƙe da mu. Na ƙi canza gida, na ƙi canza lamba. Kun san dalili? Don kada ya dawo ya rasa ni. Har yau in babbar mota ta taka birki a titi sai na leƙa taga.

Wadda ta zame mini uwa a ƙasar nan wata Hajiya ce, mutuniyar zangon Kumasi. Ba mu haɗa jini ba, amma ita ke ɗaukar mu a mota zuwa asibiti in ciwon Ummi ya tashi, ita ke matsa mata ƙafa tana yi mata waƙa. Da Ummi ta shiga makaranta, ma'aikaciyar gwamnati da ke duba takarduna na tallafi ta fara yi mini maganar neman aiki. Hajiya ta ce, "Ɗiyata, zaman ya isa haka. Da ƙuruciyarki za ki tsufa a bakin taga? Tashi mu je." Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Summerfield, sai ta tsaya mini wajen shugabar gidan, wata baturiya dattijuwa da suka shaƙu, wadda har gaisuwa ta zo lokacin da mijin Hajiya ya rasu.

Ranar intabiyu Hajiya ta jira ni a mota. Wallahi shugabar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ta ba ni shayi, ta zaga da ni, ta nuna mini ɗan ɗakin da Hajiya ke sallah ta ce ni ma nawa ne, ta ce in fara ranar Litinin. To me ya same ni? Ina tafiya a barandar nan na fara saƙe-saƙe a zuciyata. Na ga takarda ta zo an yanke mana katin asibiti saboda na fara aiki. Na ga an kira daga makaranta Ummi na birgima don ciwo, ni kuma ina can wajen gari, ba mota, ban ma iya tuƙi ba. Ban tambayi kowa ko haka abin yake ba, tsoro kawai na bi. Sai kuma abin da ya fi ba ni kunya: na ga tsohon mijina ya dawo, ya buga ƙofa, ba kowa, an ce masa ai tana can tana yi wa tsofaffi wanka. Wace mace ce a littafi aka taɓa dawo wa a haka?

Na shiga mota Hajiya na murmushi. "Yaya dai, ma'aikaciya? Yaushe za mu ci albashin farko?"

Ban shirya ba, Allah ne shaida, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Mama, ta ce sai na cire hijabi."

Hajiya ɗankwali take ɗaurawa ta baya irin na matan zango, ni kuma dogon hijabi nake sawa har gwiwa. Ta kai hannu ta shafa ɗankwalinta, ta ce, "Ashe nawa kwalliya suka ɗauke shi, shi ya sa suka ƙyale ni. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da matar nan." Ta tayar da mota muka kama hanyar gida. Me ya hana ni cewa ƙarya nake tun a nan? Me ya riƙe mini harshe?

Sati bai cika ba magana ta zaga gari. Muka je wani suna a Pleasant Garden, ina shiga mata suka hau buɗa. "Ga jarumarmu! Ku matsa mata kujera." Wata Anti ta jawo 'ya'yanta mata ta ce su kalle ni da kyau, wadda ta zaɓi addininta ta bar dala. Aka cika mini faranti da nama, aka rungume ni, wata har da hawaye. Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ku san fuskata ba: na ji daɗi. Shekara shida ana kallona a matsayin sakakkiya mai cin abincin gwamnati, ranar nan na zama wadda ake ba da labarinta. Har ƙari na yi, na ce na dubi baturiyar ido cikin ido na miƙe na fita. A hanyar dawowa Ummi ta ce mini da Turancinta in ta girma za ta zama mai ƙarfin hali kamar ni. Na juya fuska ina kallon itatuwa.

Tun daga nan Hajiya ta daina zama cin abinci da shugabar, gaisuwa ma da ƙyar. Sau biyu matar tana bar mini saƙo a waya, tana cewa gurbina na nan, tana tambaya ko Ummi ce ba lafiya. Na goge.

Jiya da hantsi Hajiya ta zo da kular shinkafa da wake da wata takarda a ambulan. Ƙorafi ta rubuta zuwa ga masu gidan, ta sa sunan shugabar, a ƙasa ta ce in ba a ba ni haƙuri ba ita ma ta ajiye aiki. Mace mai shekara kusan sittin, ba miji, da aikin nan take riƙe kanta da marayunta. Na ce, "Mama, ki bar shi, na yafe." Ta ce, "Ke kin yafe, ni ban yafe ba. Ni na kai ki, a wurin aikina aka ci mutuncinki. Juma'a bayan masallaci za mu je tare, ki maimaita musu da bakinki." Ta kama haɓata ta ce, "Kada ki ji tsoro, ɗiyata, ina bayanki."

Yau Laraba. In na yi shiru, Hajiya za ta rasa aikinta a kan abin da bai faru ba, a shafa wa shugabar, baiwar Allah, baƙin fenti a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. In na faɗa, da wane ido zan dubi matar da ta je tana faɗa saboda ni? Wa zai ƙara buɗe mana ƙofa a garin nan? Na ɗauki waya sau uku zan kira ta, da na ji ta ce "ɗiyata" sai in tambaye ta ciwon ƙafarta in kashe.

Ku taimake ni don Allah, kwana biyu ya rage. Me zan yi?