Kada a Raba Ta da Littattafan Takobi

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Allah Ya yaye miki ciwon gwiwar da kika yi ta fama da shi, Ya raya zuri'a, Ya sa albarka a neman da ya kai ku nesa da mu. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, kullum cikin rigima da likita a kan gishiri, wai shi ne bai san daɗin duniya ba. Baba ya koma zaman ƙofar gida da rediyonsa, yana gyara wa masu labarai magana. Auta ta ci jarrabawarta, yanzu ƙasa ma da ƙyar take taka ta. Shago kuma alhamdulillahi, an ba ni aikin kujerun wata makaranta, ina ta fama da katako.

Yaya, saƙonki ya iso ni ta bakin Inna tun kwanakin baya, cewa a kwashe littattafan da ƙanwarki, matata, take karantawa, a kuma mai da ita gidan iyayenta ta huta har hankalinta ya dawo. Na san ƙauna ce ta sa kika faɗi haka, kuma da ni ne a nesa aka ce mini matar ƙanena ta wuni da labarin bokaye da masu takobi, abin da zan ce ke nan. Na so in ba ki amsa a waya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, ni kuma kin san ni, idan abu ya taɓa ni murya ce take fara gudu. Shi ya sa na zauna na rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki yi haƙuri ki ji daga bakina.

Tun da zazzaɓi ya ɗauke mana 'yarmu Tsuntsuwa a daminar bara, masu gaisuwa suka watse, gidan ya yi shirun da ban taɓa jin irinsa ba. Matata ba ta yi kuka ba. Tana girki, tana shara, tana salla a kan lokaci, in an gaishe ta ta amsa. Mutane suna ta yaba haƙurinta, ni kuwa haƙurin ne yake ba ni tsoro, don ta zama kamar gidan da aka share tas aka kulle, masu shi suka yi tafiya. Ko sau ɗaya ba ta ambaci yarinyar ba, ko zaure ba ta leƙawa. Da barci ya ƙi ta, na kai ta asibiti. Bayan an rubuta magani, wata dattijuwar nas mai tabarau ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙaton littafi da bangonsa ya sha liƙi, ta miƙa mata. Ta ce ba magani ba ne, amma yana rage tsawon yini. A bangon an zana wata mace a kan dutse, takobi a hannu, sararin sama kore shar a bayanta. Daga shi aka karɓo na biyu, aka karɓo na uku.

Ba ke kaɗai kika damu ba. Sai in dawo daga shago in yi sallama, ta ɗago ido a hankali kamar wadda aka jawo daga rijiya. Har na fara kishi da takarda, abin da ko a wasa ban taɓa zaton zai same ni ba. To wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta ta ɗauke, rufin shagon ya fara ɗiga a kan katako. Na lulluɓe kayana na rufe da wuri, na dawo jiƙe sharkaf. Na tarar da ita tana barci a kan tabarma da rana tsaka, barci mai nauyi irin wanda ta daɗe ba ta samu ba, littafi na farko yana gefenta. Na zauna a bakin gado na buɗe, da niyyar in ga abin da ya ƙwace mini mata.

Taswira na fara gani, Yaya. Wata ƙasa ce da babu ita a duniya, da duwatsunta da dazuzzukanta, da hanya siririya da ta ratsa hamadar gishiri ta ɓace a gefen takarda. Na bi ta da yatsa kamar yaro. Labarin wata mai fito ce, wadda aka wayi gari wani boka ya naɗe kogin garinsu kamar tabarma ya tafi da shi, ya bar kwalekwalenta a kan yashi, kifaye suna ta mutsu-mutsu. Manyan gari suka zauna shawara, ita kuwa ta ciro tsohon takobin mahaifinta da ya yi tsatsa, ta bi sawun danshin da kogin ya bari. A hanya ta haɗu da wani tsohon ɓarawo mai ido ɗaya, wanda ba ya tsoron aljani amma yana tsoron kaza. Kin san karatuna tafiyar hawainiya ne, amma ban san lokacin da ruwan ya tsaya ba. Ina jin ƙarar ɗigon indararo a waje, ina jin kamar ni ma ƙafata tana nutsewa a gishirin. Da na ɗago, idonta biyu, tana kallona.

Na tambaye ta me take samu a ciki. Sai ta yi maganar da ta fi duk wadda ta yi mini tun rasuwar tsawo. Ta ce ta san ƙage ne, kamar tatsuniyoyin da kakanni suke yi wa jikoki, kuma ta san wanda ya ba mu yarinyar Shi ya karɓi abinSa, ba ta ja da wannan ba. Amma a cikin littafin, abin da ya cuce ka yana da fuska, yana da gida, gidan yana da ƙofa. Kana iya ɗaure takalminka ka nufe shi, ko da ƙafarka za ta tsage. Zazzaɓi kuwa ba shi da ƙofar da za a je a buga. Ta ce jikinta ne yake zaune a ɗaki, amma akwai wani abu a ƙirjinta da yake son ya yi ta tafiya har ya gaji, mai fiton nan ce take yi mata tafiyar. Ta ƙara da cewa a can babu mai leƙa fuskarta yana auna ko ta warke.

Daga ranar na roƙe ta ta riƙa karanta mini. Muka koma farko. Bayan la'asar sai in kwaso ƙananan aiki daga shago, in zauna a baranda ina goge ƙafafun kujeru, ita tana kan tabarma tana karantawa. Ashe matar da na aura tana da muryoyi ban sani ba. In boka ne ya yi magana sai ta shaƙe murya, in tsohon ɓarawo ne sai ta ja ta kamar mai mura. Ni kuma sana'a ba ta bar ni na yi shiru ba. Da aka zo wata ƙofar itace da aka ce ta shekara dubu a cikin kogo, na ce wannan marubucin bai san gara ba. Yaya, ta yi dariya. Gajeriya ce, ita kanta sai da ta firgita da jin ta, amma dariya ce. Na sunkuyar da kai na ci gaba da guga don kada ta ga idona.

Ni ma abin ya shige ni, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi zarto kaifi ba, yanzu in na dubi jijiyoyin katako sai in ga koguna da tsibirai. Garin katako ya taru a ƙasa, rana ta ratso ta ƙofa, sai in ga hamada da ayari yana wucewa. Ina tsammanin abin da yake jan mutane ke nan. A can, mai fito ko maƙeri ko ɓarawon da kowa ya raina yakan tashi da safe a ce duniya tana jiran abin da zai yi. Mugu mugu ne, aboki aboki ne, in an yi alkawari ana mutuwa a kansa. Ka rufe littafin ka dawo ɗakinka, sai ka ga ɗakin ya ɗan ƙara faɗi. Game da tsoron da kika yi na sihiri, ki kwantar da hankalinki. Ba mai koyon tsafi a ciki, bokan ma kullum shi ke shan kashi, kuma da an kira salla ita take fara ajiye littafin.

Inna ta zo sa ido, kamar yadda kuka shirya. Ta zauna ta ba mu baya tana ɗinke hular Baba, wai ita ba ruwanta da ƙarya. Can da aka tsaya, sai ta tambaya ba tare da ta juyo ba, ko shi wannan ɓarawon ya tuba kuwa. Washegari ta riga ni isowa.

A makon jiya muka kai wurin da tsohon ya tsaya a kan wata gadar igiya, ya tare mayaƙan boka shi kaɗai don mai fito ta tsallake. Ta dawo ta same shi ya cika. Ta haƙa rami da takobinta, ta jera duwatsu a kansa, ta zauna tana ba kabarin labarin duk wautar da ya yi a hanya, har da gudun da ya yi wa kaza. Sannan ta ɗauki jakarsa ta ci gaba da tafiya. A nan muryar matata ta tsaya. Littafin ya zame daga cinyarta. Ta dube ni ta ce ko na tuna yadda Tsuntsuwa take zare fensirin da nake maƙalawa a kunne, ta ɓoye shi a bayanta, alhali rabinsa a waje. Sai kukan ya zo, wanda ya daɗe yana jira. Inna ta jefar da hular ta rungume ta. Muka zauna mu uku muna ta tuno yarinyar, yadda take ƙin wanka, yadda take kiran kowa Baba har da mage, muna kuka muna dariya har aka kira magariba. Ranar ce na ji an yi mana gaisuwa ta gaskiya.

Don haka, Yaya, ina ba ki haƙuri, ba zan mai da ita gida ba, ba kuma zan taɓa littattafanta ba. Inna ma ta sauka daga kan maganar, ita ce ta ce in rubuta miki, don ita kunyar janyewa take ji. Ban ce ƙanwarki ta warke ba. Akwai ranakun da take tashi da nauyi, ni ma haka. Amma sannu ba ta hana zuwa.

Ga kuma wata alfarma da nake nema. A littafi na ƙarshe mai fito ta bi sawun koginta har bakin teku, kuma jiya da safe ina shirin fita, matata ta ce ita ba ta taɓa ganin teku ba, ga shi ku kuna zaune kusa da shi. Ta ce tana so ta je da ƙafarta. Matar da ko zaure ba ta leƙawa ce ta faɗi haka, har tana tambaya wace jaka za mu ɗauka. In kin amince, da na miƙa kujerun nan za mu taso, zumunci dai a ƙafa yake. Ba ma buƙatar komai sai wurin shimfiɗa da fuskarki.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina nan da bashin ziyarar da yake yi mini gori a kai. Ki shafa mini kan tagwaye da babban yayansu, ki gai da Gwaggo idan kun haɗu. Inna da Baba suna sa miki albarka, Auta tana gaisuwa. Ƙanwarki tana gaishe ki da girmamawa, ta kuma ce in tambaye ki ko gaskiya ne mutum yakan ji ƙanshin teku tun kafin ya gan shi. Ni kuwa na ce kada ki ba ta amsa, ta bari sai mun iso.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Ƙanenki kafinta