Lambar Sirrin Inna

Assalamu alaikum Yaya Isufu,

Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Agadas? Ya maiɗakinka da yara? Mu nan Cadawa lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Ka tambaya ko a canja wa Inna waya da irin taka mai tsada. Bar mata Android ɗinta, ita masu gyaranmu suka sani. Sakacinmu ne ya jawo abin. Ranar kasuwa ta kai ta caji ba kulle, wani ya saurari saƙon muryar ƙanwarmu Rabi. A saƙon ta yi maganar cikinta na fari da take ɓoyewa, kafin la'asar har masu sai da wake sun yi wa Inna barka. Kwana uku Rabi ba ta leƙa waje ba don kunya.

Na sa wa Inna kullen yatsa, wayar ta ƙi gane ta, sussuka ta cinye zanen yatsanta. Sai muka koma lambar sirri. Da kanta ta zaɓa, ta juya min baya tana dannawa. Na ce ta faɗa min kar ta manta. Ta ce, "Ke ma bakinki ba kulle gare shi ba."

Gaida kowa. A sa Rabi a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya. Wannan karon mu za mu gaya maka, ba kasuwa ba.

Ƙanwarka,
Hadiza