Abin da Inna Ke Kira

Saga, watan Yuli

Yaya Hisae,

Shekara huɗu ke nan rabona da gida Hokkaido, kin kuma tuna mini har sau biyu a wasiƙarki, kamar ban iya ƙirga ba. Duk da haka ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna? Ya bayanki, da wannan ɗagawa da kwantarwa? Ki gaida mijinki, in zai amsa.

Kin ce Inna ta daina cin abinci, sai ta zauna bakin taga tana ɗaga hannu ɗaya tana saukewa, tana cewa "gan, gan". Ni ma gabana ya faɗi, don mu ma'ana ɗaya muka san kalmar nan da ita: ciwon daji, wanda ya ɗauke Baba. Kin kai ta asibiti ba a ga komai ba, kika ce in zo tun tana gane mutane. Yaya, kamfanin nan ba ya ba direba hutu don uwarsa na ɗaga hannu. Ba zaginsu nake ba, albashi bai taɓa makara ba. Amma mota suka sani, ba wanda ke cikinta ba.

Jiya na sauke kaya da wuri, barci na fizgata, sai na ratse zangon matafiya da ke bakin tekun Ariyake. Kin san nan ce gaɓar su Inna. Na sha wucewa ban taɓa tsayawa ba. Wurin da ita kanta ba ta taɓa kawo mu ba, me zan nema a ciki?

Na tarar teku ba ya nan. Ya kwashe ruwansa ya yi can inda ido ba ya kai, ya bar taɓo a shimfiɗe yana ƙyalli, sama ta kwanta a kansa har ba ka gane inda suka rabu. Matafiya da 'ya'yansu na sulu a kan katako, gwiwa ɗaya a kai, ƙafa ɗaya na turi, duk sun koma launin toka sai haƙora. Dariyarsu na iso ni kamar daga cikin barci. Na zauna kan matakala na cire takalma. Sai na ga ƙasa tana motsi. Ashe ƙananan ƙaguwa ne, ba iyaka, kowanne da hannu ɗaya ƙato, yana ɗagawa yana saukewa.

Tsohuwar da ke sayar da busasshen kifi a rumfar bayana ta leƙo.

"Direba, kallo ka zo ko ciniki? Kallo ba ya biyan haya."

"Iya, me suke yi haka?"

"Teku suke kira mana. Kullum sai ya dawo da kansa, su kuwa sun ɗauka aikinsu ne. Maza ke nan!"

Ta turo mini wata 'yar kwalba. "Ungo, ɗanɗana gan ɗinmu in ka isa."

Na ce ta maimaita.

"Gan! Ganzuke! Kai ɗan ina ne? Ƙaguwa ce, a daka ta da ɓawonta, a zuba gishiri da barkono a rufe. Ji yadda ka yi zuru, sai ka ce mutuwa na yi maka tayi."

Na lasa. Gishiri ya yanke mini harshe, ɓawon na ƙaras-ƙaras a haƙori. Sai ga Inna a idona, tsaye a kicin tana barbaɗa wa shinkafarta gishiri da barkono fiye da kima, Baba na yi mata tsiya. Tun da Baba ya kai ta Hokkaido tana amarya ta binne harshen garinsu, don matan 'yan haƙar kwal sun yi mata dariya. Yanzu da tsufa ya sa komai ke zube mata daga kai, shi ne ya taso.

Ga kwalba ɗaya nan. Ki ɗora kaɗan a kan shinkafa mai zafi, kar ki ce mata komai. Likita zai yi faɗan gishiri, ki bar shi ya yi. Mai yiwuwa ne na yi kuskure.

Ƙaninki,
Tokuji

Saga, watan Agusta

Yaya Hisae,

Gaisuwa mai yawa. A tsaye na karanta wasiƙarki, a bakin mota. Rabin kwano Inna ta ci! Har da cewa wanda ya daka wannan bai iya daka ba. Na koma zangon na gaya wa tsohuwar, ta ce, "Ka ce wa uwarka ta zo ta koya mini, in ta isa." Ta kuma ƙi karɓar kuɗin kwalba ta biyu.

Amma kin ce hannun bai daina ba. Ta ci, ta koma taga, tana ta ɗagawa.

Wannan karon na zauna har ruwa ya dawo. Ba ya zuwa da hayaniya, Yaya. Siririn haske ne can nesa, ka ɗauke kai ka waiwayo ka ga ya matso, ya cike sawun yara, ya shafe layin katako, ƙaguwar nan ɗaya bayan ɗaya su sauke hannu su shige rami. Sai da abin da suke kira ya dawo suka sauke hannun. Na daɗe ina kallon wurin da suke.

Na sami manaja. Ya ce in na wuce hutuna, wani zai hau motata. Gaskiyarsa, kaya ba sa jira. Ranar Asabar zan taso. Ki kwanta ki huta, ni zan riƙa ɗaga ta.

Kar ki sa rai da tsaraba. Abin da na iya tarawa a shekara huɗu shi ne hutun kwana tara, kwalba biyu, da kuɗin jirgin zuwa. Na dawowa babu.

Ƙaninki,
Tokuji