Binciken Asalin Gidan Gerber

Limancin Kona, Birnin Zazzau

Zuwa ga ƙanwata Ibtisam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aikin asibiti da sanyin Jamus kuma sun zo miki da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Umma da gwiwarta ke matsa mata. Har yau in ta yi dambu sai ta ɗebi naki a ɗan kwanon nan mai murfi, sannan ta tuna, ta juye wa yara. Shekara biyar ke nan, Ibtisam. Wallahi gidan nan ya yi mana faɗi.

To, ga maganar da kike jira. Kin san Baffa Sabo, tunda shi ne waliyyinki bayan rasuwar Baba, ya rantse ba zai ba da aurenki ga wanda ba a binciki asalinsa ba. Ke kuma da taurin kanki kika ce ba za ki tako gida ba sai ya amince. Mu ne a tsakiya muna shan wahalarku. Ya ce musuluntar Baturen naki Suhail ya ji, ya yi murna, amma a wace unguwa za a tambayi halin kakanninsa? Da Bazazzagi ne, da an tura mutum biyu sun zauna da maƙwabta, kafin la'asar an san komai. Da abin ya ishe ni, sai na ce tunda su Turawa suna ɗaya suke gada kaka da kakanni, ba irin namu da kowa ke ɗaukar na ubansa ba, bari in binciki sunan gidan su Suhail, wato Gerber.

Kwana uku ina fama da waya bayan na taso makaranta. Ashe Gerber a Jamusanci majemi ke nan. Da can duk mai jima da sana'arsa ake kiransa, har ta zame wa jikokinsa suna, ko da ba su taɓa jin warin fata ba. Sun fi yawa a Jamus da Suwizalan, wasu kuma sun bazu har Amurka da Afirka ta Kudu. Na je rumfar Baffa na karanta masa yana ɗinkin jaka. Da ya ji yawansu sai ya ajiye basilla, ya tambayi waye babbansu, don a san inda za a kai gaisuwa. Na sha fama kafin ya yarda cewa ba gida ɗaya ba ne, yawancinsu ma ba su san juna ba. Wannan ya ba shi tausayi ƙwarai. Ya ce ina amfanin suna in ba ya haɗa zumunci?

Daga nan na fara tattara takarduna. Can ya ce shekararsa arba'in yana dukanci, duk fatar da ya taɓa yankawa daga hannun majema ta fito, kuma ya san aikinsu ba na rago ba ne, ba na mai gaggawa ba. Sai ya koma kan Baba, yadda suke zuwa sayen fata tare suna samari. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na kau da kai.

Bai ce ya yarda ba, kin san shi. Amma ina miƙewa ya ce in gaya miki ki sa majemin nan ya taka farar takarda, ki zana ƙafarsa da biro ki aiko, don shi ba zai bari angon gidanmu ya shigo zaure da takalmin kanti ba.

Ki gaishe da Suhail. Hassana da Goggo Delu suna gaishe ki. Umma ta ce kada ki aiko da takardar, ki riƙo ta a hannunki ki taho. Ta wanke kwanon.

Yayarki mai kewarki,
Sailuba