Lamba Sha Bakwai

Zuwa ga Yaya Nadine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da jikoki. Ya gwiwar? Ya sanyin Dayton? Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni da biro bamu taɓa shiri ba, amma tunda kunnen naki yaƙi jin waya dole in zauna in zana miki.

Zancen Yaya Dewey ne. Ranar Lahadi bayan coci naje gidan 'yarsa Twila na kai musu wake da burodin masara. Yarinyar nan tana ƙoƙari da ubanta, amma jikin ya ja baya sosai. Bai gane ni ba. Ni fa, Orval, da duk gundumar nan ba wanda bai san tumbina ba. Ya dube ni yace wai ni ne sabon mai kula da ɗakin makamai na ofishinsu na 'yan sanda. Nace ƙwarai ranka ya daɗe, an ƙara min girma. Twila tayi dariya, sai ta shiga kicin ta daɗe bata fito ba.

Abu guda ke damunsa. Kullum hannunsa na kan ƙugu yana lalube, wai an kira shi aiki ga shi ba lamba sha bakwai. Bindigarsa kenan, wadda ya rataya a ɗan sanda tun da suka daina riƙe libarba har yayi ritaya. Baya cin abincin kirki, baya zama wuri ɗaya, wai za'a ce ya yar da kayan hukuma. Likita yace lokacin da ya rage ba yawa. Twila tace ita dai burinta ubanta ya tafi hankalinsa kwance.

To kinsan wa suka samu. A Kentucky kaf in ana zancen masu tara tsofaffin bindigogin 'yan sanda, sunana ake fara kira, sai an huta an sha kofi sannan a kira na biyu. Lokacin da ofishinsu ya karɓi sababbi, dila ne ya kwashe tsofaffin ya watsa su kasuwa, kowacce da hatimin ofis a gefe da lambarta a gindin ƙota. Inada 'yan uwanta a akwatina, ita ce dai bata taɓa zuwa hannuna ba. Ranar Asabar akwai babbar kasuwar bindiga a Louisville. In tana duniya zan kawo ta, ki rubuta ki ajiye.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Orval

Zuwa ga Yaya Nadine,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ki tashi kiyi rawa ko da gwiwa ɗaya ce. Na samo ta!

Kin tuna Burl Hensley, wanda ya nemi aurenki kika ce gara ki auri itacen wuta? A hannunsa take. Tunda ya hango ni yake ihu wai a ɓoye abinci ga Orval nan. Nace masa tsoho, ashe kana nan, na ɗauka kai ma tuni an saka ka cikin kayan tarihi. Muna ta wasa ina juya kayan teburinsa kamar ba ruwana, sai ga sha bakwai a gindin ƙota. Yaya, sai na ƙura mata ido na kasa ajiye ta. Burl kuwa idonsa kamar na shaho, ya gani. Yace baya sayarwa, musaya kawai, kuma ba abin da yake so sai bindigar nan tawa ta 'yan sandan babbar hanya, wadda ke cikin kwalinta ba'a taɓa harba ta ba. Shekaru yana bina a kanta ina masa gwalo. Na gaya masa ta Dewey ce, da halin da yake ciki. Ya cire hula, yace Allah ya bashi sauƙi, amma dai musayar tana nan. Na bashi. Ban ji daɗi ba, bazan ɓoye miki ba, amma na bashi.

Sai dai da kin ga yadda aka wulaƙanta ta da kinyi kuka. Wani gwanin banza ya yanko robar cikin tayar keke ya sanya mata a ƙota kamar safa, duk ta tsufa tayi santsi. Sannan ya ɗiga wani jan fenti a kan tsinin saiti. Mu a wajenmu wannan haramun ne. Gogewar da kube yayi wa ƙarfe ba'a taɓa ta, shi ne mutuncin bindiga. Amma duk abin da ba daga masana'anta ya fito ba, ƙazanta ce. Na zauna na cire robar na jefa kwandon shara, na sa magani na wanke jan nan tas. Yanzu ta koma yadda aka miƙa masa ita ranar farko. Na kuma zare allurar da ke dukan harsashi, ko yaro ya ɗauka ba abin da zata yi.

Gobe zan kai masa. Ki shirya jin labarin yadda ƙaninki ya gagari likitoci.

Naki har kullum,
Orval

Zuwa ga Yaya Nadine,

Ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya. Nasan Twila ta gaya wa maigidanki ta waya, kuma nasan gwiwar bazata barki kizo jana'iza ba, shi yasa nace bari in rubuto miki yadda akayi.

Ranar da na fara kai masa, na saka riga mai kyau na ƙame a gabansa na sara masa, na miƙa ta da hannu biyu. Ya karɓa ya duba ko da harsashi, hannun nan bai manta komai ba. Ya riƙe ta, ya ɗaga ya kalli saiti, sai ya ajiye a kan bargo. Yace, "Malam, mayar musu. Wannan ta sabon ɗauka ce. Tawa matata ta sa mata alama."

Na nuna masa lambar, yaƙi ko kallo. Twila ce ta jawo ni baranda ta gaya min. Ashe jan nan ba fenti bane, jan farcen matarsa marigayiya Maxine ne. Lokacin da idonsa ya fara rauni ita ta ɗiga masa don ya riƙa ganin saiti, in ya goge ta sake ɗigawa, tana cewa ko ina yaje tana gabansa. Robar kuma daga keken Twila ya yanka tana ƙarama, don tafin hannunsa na gumi. Yaya, ni ne na kira yayanmu gwanin banza a wasiƙa. Ranar ya wuni yana kuka yana laluben ƙugu, fiye da da.

Na koma gida na zazzage shara a tsakar gida kamar kare. Maƙwabciyata ta leƙo tace lafiya, nace zinariya nake haƙa. Na samu robar cikin dusar kofi, na wanke ta da ruwa kawai na mayar yadda take. Jan farcen ne ba yadda zanyi. Naje kanti na tsaya gaban kwalabe, yarinyar kantin tana tambayata wane launi madam take so. Ko na saya, ba hannun Maxine bane. Na fito ban sayi komai ba.

Da na koma ranar Alhamis da hantsi, ya riga ya daina buɗe ido. Fasto yazo ya tafi. Twila tace in gwada. Na saka masa ita a hannu. Yatsunsa suka zagaye robar, babban yatsan ya sauka daidai inda ta lotsa. Ya sauke wani dogon numfashi, yace da bindigar, "Ina kika shiga?"

Can kuma yace, "Orval." Sunana fa, Yaya. Nace na'am Yaya. Yace, "Maxine ta sa jan?"

Na kalli Twila, ita ma ni take kallo. Nace, "Ta sa."

Yace to madalla. Ya ɗora ta a ƙirji, ya sha romo cokali kaɗan, yayi barci. Bai sake laluben ƙugu ba har Allah ya karɓi abinsa washegari da rana.

Twila tace in riƙe bindigar. Nace a'a, wurinta zata zauna, ni hannuna baya iya barin abu yadda ya same shi. In kin shiga coci ki tambayar min ko ƙaryar nan tana cikin waɗanda ake yafewa. Ni ban iya tambayar namu faston ba.

Allah ya jiƙansa, ya bamu haƙuri.
Ƙaninki,
Orval