Kwanon Ƙarfen Ilinca

Bukares, 3 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da awakinka. Ya tashi, Baba! Tauraron ɗan'adam ɗin da muka shekara bakwai muna haɗawa. Bayan rokar ta ɓace, minti hamsin muna jira a ɗakin aikinmu, sai ga saƙonsa daga sama. Na yi kuka, ba kunya.

Kwanon ƙarfen da na aiko, ka kafa shi a kan dutsen bayan gari. Da shi tauraron zai riƙa gwada awonsa, tunda dutse ba ya motsi.

'Yarka,
Ilinca

Lopatari, 19 ga Afrilu

Ilinca 'yata,

Bayan gaisuwa, sau uku na karanta wa Gwaggonki Safta takardarki. Abu yana yawo kilomita ɗari bakwai a sama, kuma wai hannunki ya taɓa shi! Ke da ko akuya ba ki iya ɗaurewa. Kwano ya kafu daram. Ga cuku nan, ki riƙa cin abinci.

Mahaifinki,
Anghel

Bukares, 12 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Wata biyar awonmu yana cewa kwanon na tafiya, har manyanmu suka ce na'urar ce ta lalace. Jiya na ɗora hoton da tauraron ya ɗauko a kan taswira. Baba, kwanon ba a kan dutse yake ba, a kan gidanmu yake! Na'ura lafiyarta ƙalau. Gidan ne ya zame faɗin yatsa uku wajen rafi, ga ruwan sama na kaka na tafe. Don Allah ka fita.

Ilinca

Lopatari, 20 ga Satumba

'Yata,

Ina amsawa. Kayanki ne zan kai inda awaki ke kashi? A rufin gida na sa shi, don kowa ya gani.

Shekara biyu ina fere ƙofa don ta rufu, ina toshe tsagar bango da farar ƙasa. Ko Safta ba ta gane ba, amma tauraronki daga can sama ya gani. Na tsaya a tsakar gida, na cire hula, na daɗe ina kallon sama.

Na koma gidan Safta. Kwanon na bar shi a rufin. Ku ci gaba da dubawa, ki gaya mini ranar da ɗakin marigayiya mahaifiyarki ya tafi rafi.

Allah ya yi miki albarka.
Anghel